Auduga a Kafaɗar Afiniki

A wani ƙauye an yi wani mutum, manomin auduga, dattijo kuma a ikkilisiya. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne, bai taɓa ɗaga wa matarsa hannu ba. Na fara faɗin wannan ne don kada wani a cikinku ya gyara zama ya ce ai labarin miyagu za a bayar, ba da shi ake ba. Da ku ake. Mutumin nan shi ke riƙe da mabuɗin majami'a, shi ke fara zuwa sujada, in kuma wani ya kwanta ciwo a garin, shi ne a gaba wajen zuwa dubiya. Yakan tsaya a bakin ƙofa, ya sassauta murya ya ce, "Yaya mai jiki?" Sai ya yi addu'a mai tsawo ya koma gida zuciyarsa fes. Gaisuwar tana masa daɗin faɗi, domin kullum a ƙofar wani yake faɗinta.

Yana da 'ya, sunanta Afiniki, tana cikin mawaƙan ikkilisiya. Ta kai lokacin nan da yara kan miƙe farat ɗaya kamar dawar da ta sami taki, rigar bara ba ta shigarta bana. Da Kirsimeti ta matso, uwarta ta kai ta wurin gwaggonta Briskila, ƙanwar uban, wadda ke ɗinki a bayan kasuwa, don a yi mata sabon awo.

Briskila ta ɗinka riga, aka zo gwaji, sai ga gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka. Ta farke ta sake ɗinkawa. Aka kuma gwadawa, abin yana nan. Ta zargi almakashi, ta zargi tef ɗin awo, ta zargi mai yadi, har ta fara zargin idonta. Daga baya ta ajiye rigar ta ce wa yarinyar, "Juya mini baya. Sunkuya, ki saki hannuwanki ƙasa." Afiniki ta sunkuya. Sai ga haƙarƙarin dama ya ɗan taso ya fi na hagu, da ta miƙe kuma kafaɗar hagu tana ƙasa da 'yar'uwarta. Briskila ta yafito uwar ta nuna mata, ta ce, "Ba rigar ba ce."

Uban da uwar suka kai ta asibiti a birni. Aka ɗauki hoton bayanta, aka tura su sashen gashi, inda ake lura da masu ciwon gaɓoɓi da jijiyoyi. Likitar da ke wurin ta ɗaga hoton ga haske ta nuna wa uban.

Ta ce, "Baba, ƙashin bayanta ya ɗan karkata gefe. Ba laifin kowa ba ne. Ba tulun ruwa ne ya jawo ba, ba kuma hannun mutum ba ne. Yanzu kaɗan ne. Amma tana tsakiyar girma, a irin wannan lokaci kuwa abin yakan iya ƙaruwa da sauri."

Ya ce, "To, Likita, a gasa mata mu tafi."

Ta ce, "Ba wuta za mu sa mata ba. Atisaye zan koya mata, ta riƙa yi a gida kullum."

Ya ce, "Ba allura? Ba ƙwaya?"

Ta ce, "Babu. Kuma ba zan yi maka alkawarin zai miƙe sar ba. Abin da muke nema shi ne kada ya ƙaru. Ku riƙa dawo mini da ita in duba. In na ga duk da haka yana ƙaruwa, akwai wata rigar roba mai tauri da ake ɗaura wa yaro kafin girma ya tsaya. Amma sai na gan ta zan sani. Kada ku ɓace mini."

Ta koya wa Afiniki yadda za ta jingina da bango ta miƙa kanta sama kamar ana janta da igiya. Ta koya mata yadda za ta durƙusa a tabarma a kan hannuwa da gwiwoyi, da yadda za ta kama sanda a sama da kanta ta saki jiki, da yadda za ta ja numfashi ta tura shi gefen da ya lotsa har haƙarƙarin wurin ya buɗe. Ta kama hannun uwar ta ɗora a wurin, ta ce, "Nan za ki riƙa taɓa mata, don ta san inda za ta kai numfashin."

Suka koma gida suka fara. Ɗakunansu ƙanana ne, ga gadaje ga buhuna, babu inda mutum zai miƙa hannu bai bugi wani abu ba. Saboda haka a tsakar gida ake yi, jikin bangon da ke kusa da rumbu. Uwar ta ɗaura sanda tsakanin reshen gwaiba da ginshiƙin rumfa. Aikin ba daɗi. Yarinyar takan yi gumi, wani lokaci ta fashe da kuka ta ce ta gaji. Uwar ta share mata fuska ta ce, "Saura kaɗan, shaƙa nan." Haka suka yi ta yi. Da suka koma asibiti karo na farko, likitar ta duba ta ce bai ƙaru ba, su ci gaba kamar yadda suke yi.

Ana nan, wata rana da hantsi wata maƙwabciya ta shigo aron rariya. Ta tarar da Afiniki a durƙushe a tabarma tana jan numfashi da ƙarfi, uwarta na riƙe da gefenta. Ta yi turus. Uwar ta yi mata bayani tsaf, ba ta ɓoye mata komai ba. Matar ta ce, "Ayya, Allah ya sawwaƙe." Ta karɓi rariya ta fita.

Kafin rariyar ta dawo, labari ya zaga gari. A bakin rijiya aka ce 'yar dattijo ta yi doro. A wurin niƙa aka ce jifa ne aka yi mata. Wata da ba ta taɓa shiga gidan ba ta rantse cewa gado ne daga dangin uwa, ita ta san kakarsu. Ina so ku ji ni da kyau, ku masu ɗaukar magana daga ƙofa zuwa ƙofa kuna kiranta roƙon addu'a: wannan hali yana ƙona mini rai. Ba wadda ta je ta taya uwar riƙe sanda. Ba wadda ta ce wa yarinyar sannu da ƙoƙari. Baki kawai suka kawo, kuma kowace ta ƙara nata gishiri.

Ranar Lahadi dattijon yana tsaye a ƙofar majami'a yana gaisawa da mutane kamar yadda ya saba. Sai wani ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya sassauta murya ya ce, "Dattijo, yaya mai jiki?"

Ya ce, "Da sauƙi."

Wani ya zo ya faɗi haka. Wata tsohuwa ta faɗi haka. Har wani mutum da dattijon ya taɓa tsayawa kai da fata sai da aka sa shi a horon ikkilisiya, shi ma ya zo ya karyar da wuya ya ce, "Ashe abin da ya samu gidanka ke nan? Yaya mai jiki?" Galibinsu da zuciya ɗaya suka tambaya. Amma shi kowace gaisuwa sai ya ji ta kamar mari. Ya zauna a kujerar dattawa har aka tashi, bai ji kalma ɗaya ta wa'azi ba.

Da ya isa gida ko rigar sujada bai tuɓe ba. Ya wuce wurin gwaiba ya kwance sandar, ya karya ta a gwiwa, ya jefa a murhu. Ya ce, "Daga yau kada in sake ganin wannan wasa a gidana. Kun mai da ni abin nuni a gari."

Matarsa ta ce, "Maigida, likita ta ce kada a tsaya."

Ya ce, "Likita ce ta haife ta? Abin da ko allura ba a yi masa ba, shi ne ciwo? In ciwo ne da sun ba da magani."

Afiniki tana tsaye jikin bango, ba wanda ya dube ta.

Washegari ya shiga rumbunsa ya ɗebi auduga, ya zauna ya cire mata angurya da hannunsa, ya zuba a leda ya tafi shagon ƙanwarsa. Ya ajiye a kan keken ɗinki ya ce, "Rigar yarinyar nan. Ki yi mata ciko a kafaɗar da ta sauka, ki yi mata a ƙugu inda ya lotsa. A ciki za ki ɗinke, yadda ba za a gane ba."

Briskila ta ce, "Yaya, wannan ba gyara ba ne, rufi ne."

Ya ce, "Na tambaye ki? Za ki yi, ko in kai wa wani a ji a waje?"

Ta karɓi ledar. Ta jawo rigar ta taka keke. Kada ku yi saurin yaba mata don ta faɗi gaskiya. Sau ɗaya ta faɗa, da ƙaramar murya, sannan ta sa gwanintarta duka cikin ƙaryar. Ta kuwa iya ɗinki. Da Afiniki ta sa rigar, kafaɗu suka daidaita, ƙugu ya cika, ko uwar da ta haife ta sai ta matso kafin ta gane.

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Amma ƙarya ba ta son zama ita kaɗai. Ranar godiyar kaka, majami'a ta cika maƙil, an jera dammunan dawa da buhunan gyaɗa a gaba. Fasto ya ce duk mai shaidar abin da Ubangiji ya yi masa ya fito. Dattijon ya tashi, ya kira 'yarsa daga cikin mawaƙa, ya tsai da ita a gaban jama'a cikin rigar nan.

Ya ce, "'Yan'uwa, kun ji abin da ya sami gidana. Kun yi mana addu'a. To, ku dube ta. Juya, Afiniki, su gani. Ubangiji ya miƙe mata baya."

Mata suka rangaɗa guɗa, aka buga ganguna, wasu suka tashi suna rawa. Wata gwauruwa mai ɗa gurgu ta yi ta kuka tana ɗaga hannu, tana cewa in an yi wa dattijo, ita ma za a yi mata. Fasto ya ɗora wa yarinyar hannu a ka ya yi godiya, don shi ma bai sani ba. Afiniki tana tsaye idonta a ƙasa, gumi yana jiƙa audugar a kafaɗarta. Uwarta na zaune cikin zumuntar mata, ita kaɗai ce ba ta yi guɗa ba, amma ita ma ba ta tashi ta ce komai ba.

Auduga ya sa a riga, wannan wauta ce. Amma ɗaukar sunan Allah a cusa shi a wurin da ya lotsa don mutane su daina tambaya, wannan ya wuce wauta. Kuma ku ga abin da shaidar ta yi. Ta rufe hanyar asibiti ruf. Wanda aka warkar a gaban ikkilisiya, me zai je nema wurin likita? In aka gan su a tashar mota, me za su ce? Ranar komawa ta zo ta wuce. Likitar ta buga waya tana tambaya, ya ce mata, "Mun gode, Likita, Allah ya riga ya yi aikinsa." Ya kashe wayar.

Gaisuwa ta tsaya, abin da yake so ke nan. Har girmansa ya ƙaru, ana kiransa ƙauyukan kusa ya yi wa marasa lafiya addu'a. Yakan je.

Afiniki ta yi ƙoƙarin ci gaba a ɓoye cikin ɗaki, tsakanin gado da buhuna. Wurin ba ya isa, ba sanda, ba mai duba ko tana yi daidai, kuma da ta ji tafiyar ubanta sai ta miƙe ta yi kamar tana gyaran gado. Kwanci tashi ta bari. Ita kuwa tana ta girma, ƙashi kuma bai ji shaidar da aka bayar ba. Kaka ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Duk sabuwar riga sai uban ya kai wa Briskila auduga, kuma kowace ta fi ta baya yawa. Da hannunsa yake ɗiba, saboda haka kada wani ya ce mini bai san abin yana ƙaruwa ba.

Tsayuwar mawaƙa ta fara yi mata wuya. In waƙa ta yi tsawo sai bayanta ya riƙe, ta riƙa sauya ƙafa. Wata rana da rana ya dawo daga gona, ta kawo masa ruwa, ta durƙusa ta ce, "Baba, bayana yana mini nauyi. Don Allah a mai da ni wurin likitar nan."

Ya ajiye moɗa ya ce, "So kike ki mai da ni maƙaryaci a gaban ikkilisiya?"

Ta ce, "A'a, Baba."

Ta ɗauki moɗar ta tafi. Ba ta sake roƙo ba.

Sai lokacin baftisma ya zo. Afiniki ta gama ajin koyarwa tare da tsaranta, aka sa rana, ikkilisiya duka ta gangara rafi da waƙa. Uban ya sa an ɗinka mata sabuwar farar riga, da cikonta kamar kullum. Ku dubi abin mamaki. Mutumin da ya tsufa cikin noman auduga, wanda ko ɗan hadari ya hango sai ya bar abinci ya ruga rufe tarin audugarsa, bai tuna abin da ruwa ke yi wa auduga ba. Ya daɗe yana kallon rigar har ya fara gaskata ta.

Fasto ya shiga ruwa har ƙugu. Aka kira sunanta, ta shiga. Ya tambaye ta ko ta ba da gaskiya, ta amsa da murya sarai. Ya nutsar da ita ya ɗago ta.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Audugar ta sha ruwa ta yi nauyi. Cikon kafaɗa ya yage zarensa ya zame ta hannun riga, ya faɗa rafi, ruwa ya tafi da shi a gaban kowa. Na ƙugu ya dunƙule ya rataya a gefe. Farar rigar ta manne a bayanta, sai ga shi a fili: kafaɗa ɗaya can ƙasa, haƙarƙari ya taso tudu guda, ya ninka abin da maƙwabciya ta taɓa gani. Waƙar ta mutu a bakin mawaƙa, layi bayan layi.

Gwauruwar nan mai ɗa gurgu ita ce ta fara motsi. Ta kwance mayafinta ta shiga ruwan da zanenta, ta lulluɓe yarinyar, ta rungume ta ta fito da ita. Da ta zo daidai inda dattijon yake tsaye, ta dube shi ta ce, "Dattijo, na yi ta tuhumar kaina cewa bangaskiyata ce ba ta kai taka ba." Ta wuce da yarinyar.

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma ku lura, ko a wannan sa'a kansa ya fara ji wa kunya.

A makon nan suka koma asibiti, don yanzu ba sauran abin ɓoyewa. Aka sake ɗaukar hoto. Likitar ta jera sabon kusa da tsohon, ta daɗe tana kallo. Ta juyo ta ce, "Ina kuka shiga?"

Uban ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Za mu koma atisaye, zai rage mata ciwon, zai ƙarfafa jikinta. Amma abin ya wuce inda atisaye kaɗai zai riƙe. Girmanta kuma ya kusa tsayawa, rigar robar ma lokacinta ya shige. Sai ku je babban asibiti wurin likitocin ƙashi, su ne za su faɗi ko sai an yi mata aiki."

Uban ya ce, "Likita, da mun ci gaba, da bai kai haka ba?"

Ta ce, "Ban sani ba, Baba. Wataƙila da ya tsaya. Wataƙila da ya ƙaru na gani da wuri na tare shi. Ba ka bar mu mun sani ba."

Suka fito suka zauna a benci suna jiran mota. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Can ya ce, "Afiniki, don ke na yi. Don kada a yi miki dariya."

Ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baba, rigar nan ba ni ta rufe ba. Kai ta rufe."

To, ga ma'anar wannan misali, ba ta da nisa.

Da farko bari in toshe wata ƙofa, don na san halinmu. Karkataccen bayan Afiniki ba zunubi ba ne, ba la'ana ba ce, ba kuma alamar fushin Allah ba. Yarinyar nan ita ce mafi gaskiya a duk labarin. Duk wanda ya fita daga nan ya je yana duban mai doro ko gurgu yana tunanin me ya yi wa Allah, bai ji komai ba, ya zo ɗumama benci ne kawai. In kuna neman abin da ya karkace a misalin nan, ku duba zuciyar uban.

Mutumin nan shi ne kowane ɗayanmu da ya fi tsoron a san damuwarsa fiye da tsoron damuwar kanta. A gidan wani ɗa ne ya fara shaye-shaye. A gidan wata aure ne ya fara tsagewa. Wani fushi ne ke cinsa, wata ƙyashi, wani kuma bangaskiyarsa ce ta yi sanyi har ba ya iya addu'a in ba a gaban mutane ba. Duk waɗannan da kaɗan suke farawa, kuma akwai lokacin da za a iya tare su. Allah yakan aiko da mai faɗa mana gaskiya, ko fasto, ko likita, ko matarka da ka raina. Abin da suke kawowa ba ya burge mu, domin ba allura ba ce da za a yi sau ɗaya a huta. Aiki ne na kullum, mai gumi: ka tuba yau, ka sake tuba gobe, ka nemi gafarar wanda ka cuta, ka koma wurin mai duba ka ya faɗa maka ko kana gaba ko kana baya. Kuma ba ya yiwuwa a ƙuryar ɗaki. Dole wani zai shigo ya gani.

Nan muke kasawa. Sai mu ruga rumbu mu ɗebo auduga. Audugarmu kuwa fara ce, mai taushi, daga gonarmu take: "Lafiya lau." "Mun gode Allah." "An riga an yi nasara." Kalmomi ne masu kyau in gaskiya ne. In ba gaskiya ba ne, ciko ne. Wanda ya saba da su har yakan kai ga tsayawa a gaban bagade ya jingina wa Ubangiji aikin da Ubangiji bai yi ba. Allah yana warkarwa, na gaskata da dukan zuciyata. Yana warkarwa da addu'a, yana warkarwa da hannun likita, yana warkarwa da gumin yarinya a tabarma. Amma ba ya bukatar ka yi masa ƙarya don a yabe shi. Shaidar ƙarya tana ɗaure mai bayarwa, ta hana shi komawa neman taimako. Tana kuma karya zuciyar masu gaskiya, irin gwauruwar nan, waɗanda za su koma gida suna tuhumar kansu.

Ku kuma masu taya ɗinki, ku da kun san abin da ke ƙarƙashin rigar kuka yi shiru don kada ran babba ya ɓaci, ba ku kuɓuta ba. Faɗin gaskiya sau ɗaya ba ya wanke hannun da ya ci gaba da taka keke. Masu yawo da magana ma ba ku kuɓuta ba, don bakinku ne ya sa mai rauni ya gwammace ɓoyewa. Ikkilisiyar da mutum ba zai iya cewa "gidana ba lafiya" a cikinta ba, ta zama shagon tela.

Iyaye, kada ku ce wannan duk maganar ruhu ce ku tsallake ta fili. In kun ga kafaɗar yaronku ɗaya ta fi ɗaya sauka, ko riga ta ƙi zama daidai a jikinsa, ku kai shi a duba tun yana cikin girma. In an ba shi atisaye, ku share masa wuri a tsakar gida, ku tsaya kusa da shi. Wanda ya shigo ya gani, ya gani.

Za ku tambaye ni, shin Allah ya gafarta wa dattijon? In ya tuba da gaske, ya gafarta masa sarai, domin jinƙansa ya fi wautarmu girma. Kada wanda ya yi shakkar wannan. Amma gafara ba ta mai da shekarun girma baya. An yafe wa uba, 'yar ce za ta ɗauki bayan nan har tsufanta. Saboda haka kafin ka buɗe baki ka ce lafiya lau a kan abin da ka san ba lafiya ba, ka waiwaya cikin gidanka ka ga wanda ƙaryar za ta hau bayansa.